Yadda Ake Yi Idan Gilashin Rufin Mota Ya Tarwatse, da Yadda Ake Zaɓen Kason Aljihu a Inshora

Duk wanda gilashin rufin motarsa ya taɓa fashewa yana cikin tuƙi, in ka tambaye shi abin da ya fara zato, zai ce maka ya ɗauka harbi ne ko taya ce ta yi bindiga. Ƙarar haka take. Sai ya ɗaga kai ya ga sama a buɗe, ɓarɓashin gilashi kamar tsakuwa ya cika masa cinya da wuyan riga. Na jima ina wannan aiki, daga rufe ramin da share motar har zuwa zama da masu motoci muna cike takardun inshora, kuma abin da na lura shi ne ba gilashin ne ke ɓata wa mutane rai ba. Gilashi in an same shi, yini ɗaya ya isa a sauya. Ɓacin ran yana zuwa ne sa'ad da mutum ya buɗe takardar inshorarsa ya tarar da wata lamba da ya sa wa hannu watanni da suka wuce ba tare da ya tsaya ya dube ta ba.

Wannan lambar ita ce kuɗin da mai mota zai fara biya da kansa a kowace ɓarna kafin kamfanin inshora ya cike sauran. A Amurka suna kiranta didaktabul, a Ingila ekses. Ni a nan zan riƙa ce mata kason aljihu. Za mu fara da abin da ake yi ranar da abin ya faru, sannan mu zo kan yadda ake zaɓen kason.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Safar hannu mai kauri, ta fata ko ta masu gini. Ta roba irin ta asibiti ba ta tare komai.
Tabarau na kariya. In babu, ko na rana ne ka saka.
Na'urar zuƙe ƙura mai siririn baki.
Ƙaramin buroshi mai laushi, irin na fenti, da abin kwasar shara.
Leda mai kauri wadda ta fi ramin faɗi da aƙalla taƙi ɗaya ta kowane gefe.
Tef iri biyu: na masu fenti wanda ba ya kama fenti, da mai ƙarfi wanda ruwa ba ya ɗaga shi.
Kwali mai tauri, almakashi, tocila, tsohon bargo ko zanen gado.
Wayarka da isasshen caji, saboda hotuna.
Takardar inshora cikakkiya, ba katin da ake nuna wa jami'an hanya kaɗai ba, tare da takardar garanti da lambar jikin motar, wadda take da haruffa da lambobi 17. Za ka same ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba ko a jikin ƙofar direba.

ABIN DA YA KAMATA KA SANI GAME DA GILASHIN

Gilashin gaba da na rufi ba iri ɗaya ba ne. Na gaba ninki biyu ne da siririyar roba a tsakani, shi ya sa in dutse ya same shi yake tsagewa amma ya tsaya a wurinsa. Na rufi kuwa, a yawancin motoci, gasasshen gilashi ne: ana zafafa shi sama da digiri 600 sannan a hura masa iska ya huce da sauri. Fatarsa ta waje ta matse, cikinsa kuma yana ja. Wannan ne ke ba shi ƙarfi kamar ninki huɗu na gilashin taga, kuma wannan ne ke sa in tsaga ta ratsa fatar ta isa ciki, duka fefen ya wargaje a lokaci guda. Don haka gasasshen gilashi ba a masa faci. Sauyawa ake yi.

Abin da ke fasa shi ba ya wuce tsakuwar da babbar mota ta watso, ko ɗan rauni a gefen gilashin da ya daɗe yana jiran ranarsa, ko murɗewar jikin mota a kan mugun rami, ko wani ƙwayar datti da ya maƙale cikin gilashin tun daga masana'anta yana kumbura a hankali har ya fasa shi ko motar na ajiye. Ba tatsuniya ba ce: a 2017 mujallar Consumer Reports ta ƙirga ƙorafi 859 da aka kai wa hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta Amurka kan irin wannan fashewa tun daga 1995, kuma mafi yawansu sun zo ne bayan da manyan rufin gilashi masu rufe kusan duk saman mota suka yawaita. Wasu masu ƙera motoci yanzu suna sa mai ninki biyu a rufi. In kana son sanin naka, duba tambarin da ke kusurwar gilashin: za ka ga an rubuta Tempered in gasasshe ne, ko Laminated in mai ninki biyu ne.

MATAKI NA 1: TSAYA, AMMA BA DA BIRKIN FIRGICI BA

Riƙe sitiyari, ɗaga ƙafa daga totur, kunna fitilun gargaɗi, ka gangara gefen hanya a hankali. Wanda ke bayanka shi ma gilashi ya watsu masa, bai san me ke faruwa ba. Kashe iska ko na'urar sanyaya mota nan take don kada ta hura ɓarɓashi cikin idon mutane. Duba kowa, musamman yara. Wanda ya ji wani abu a ido kada ya murza. A zuba ruwa mai tsafta, a nufi asibiti. Kaya kuma a karkaɗe su a waje, kada a share da tafin hannu.

Kada ka taɓa maɓallin rufin. Wannan ne kuskuren da na fi gani. Mutum ya danna don ya ga ko yana aiki, sai ɓarɓashi ya shiga hanyar da gilashin ke zamewa, ya cinye haƙoran giya ko ya tsinke wayar da ke jan sa, gyaran gilashi ya koma gyaran injin rufi gaba ɗaya. In kana da yara masu danne-danne, duba littafin motar ka zare fiyus ɗin rufin. Haka in labulen ciki da ke ƙarƙashin gilashin a rufe yake lokacin da abin ya faru, ka gode wa Allah ka bar shi a rufe, domin shi ke riƙe da tulin gilashin.

MATAKI NA 2: HOTO KAFIN TSINTSIYA

Gani ya kori ji. Kafin ka ɗauke ko ƙwaya ɗaya, ɗauki hoton motar daga nesa yadda za a gane wurin, da rufin daga sama, da gefunan gilashin da suka rage a jikin firam, da cikin motar, da agogon da ke nuna nisan tafiyar da motar ta yi. Ka matso kusa ka ɗauki bakin ramin daga gefe yadda za a ga ko ragowar gilashin ya lotsa ciki ko ya turo sama. Wannan ba hujja ce yankakkiya ba, amma masu ƙiyasta ɓarna da dillalan motoci suna kallonta idan ana gardamar ko wani abu ne ya faɗo. In ka ga dutse ko wani ƙarfe a cikin motar, ɗauki hotonsa a inda yake sannan ka adana shi.

Mutane na mantawa da fenti. Gilashin da iska ta kwasa yana karce bayan rufi da murfin but. Ɗauki hoton wannan ma, domin in ba ka sa shi a rahoton farko ba, da wuya a yarda daga baya cewa ranar ya faru. Rubuta lokaci, wuri, saurin da kake yi, yanayin gari, da ko akwai gada ko babbar mota a gabanka. In wani ne ya fasa da gangan, ko an yi yunƙurin sata, je ka samo rahoton 'yan sanda, kamfanoni da yawa ba sa motsi sai da shi.

MATAKI NA 3: KWASHE GILASHIN

Sa safar hannu da tabarau. Shimfiɗa bargo a kan kujeru, sannan ka fara daga sama: ɓalle ragowar da ke lilo a gefen firam, ka zuƙe abin da ya taru a kan labule da cikin kwarin da ke kewaye da ramin. Sai ka sauko ciki. Naɗe bargon, fitar da shimfiɗun ƙasa ka karkaɗe, ka bi ɗinkin kujeru da siririn bakin na'urar. Haska tocila a kwance, ɓarɓashi zai riƙa ƙyalli. Wurare uku da ake tsallakewa: ramukan iska na gaban mota, cikin maƙallin bel, da kujerar jariri, wadda ya kamata a cire ta gaba ɗaya a zare rigarta.

Kada ka goge rufin da tsumma, za ka zana fentin da kanka. Ruwa za ka kwarara ta bayan ramin, ko ka bi da buroshi mai laushi.

In babu na'urar zuƙe ƙura, yi da buroshi da abin kwasa, sannan ka naɗe tef a hannunka ɓangaren danƙo a waje ka riƙa dannawa a kan kujeru. Yana cin lokaci amma yana yi. Duk da haka ka sa a ranka za ka ci gaba da tsintar ƙwaya ɗaya biyu har wata guda.

MATAKI NA 4: RUFE RAMIN

Goge gefen ramin ya bushe, tef ba ya kama jiƙa ko ƙura. Fara zagaye ramin da tef ɗin masu fenti, layi biyu ko uku, ya zama shi ne shimfiɗa. Mai ƙarfin a kansa zai hau, ba a kan fenti ba. Na taɓa yin gaggawa na manna mai ƙarfi kai tsaye a kan wata baƙar mota, ta kwana uku a rana, ranar da muka ɓare ya taho da fatar fentin. Ni na biya wannan.

Yanka kwali daidai ramin, naɗe shi da leda, ka ɗora a kan labule ko a gefen firam don ya tallafi ledar sama. In babu wannan tallafi, ruwan sama zai taru a tsakiya ya yi tafki har ya ɓalle tef ɗin. Shimfiɗa ledar a miƙe. Manna gefen baya tukuna, sai gefuna biyu, sai na gaba a ƙarshe, yadda kowane layi na gaba zai hau kan na bayansa kamar jerin kwanon rufi, iska ta bi ta kai ba ta samu bakin shiga ba. In ka samu ledar nan mai manne kanta da masu gyaran jikin mota ke amfani da ita, ta fi duka sauƙi. In ba leda mai kauri, ninka jakar shara biyu.

Wannan rufi na kwana biyu ne ko uku. Kada ka hau babbar hanya da gudu da shi, kada ka kai motar wurin wanki, kuma in da hali ka ajiye ta a ƙarƙashin rumfa. Takardun inshora da yawa sun ɗora wa mai mota alhakin hana ɓarna ƙaruwa, don haka in ka bar ramin a buɗe ruwa ya jiƙa kujeru da wayoyi, suna iya ƙin biyan wannan ɓangaren. Ajiye rasit ɗin leda da tef.

MATAKI NA 5: KAFIN INSHORA, DUBA KO WANI NE YA KAMATA YA BIYA

Bincika ko kamfanin da ya ƙera motar ya taɓa kiran irinta don gyaran rufi. Yana faruwa: a ƙarshen 2012 Hyundai ta kira dubban motocin Veloster a Amurka saboda gilashin rufinsu. Ana duba wannan da lambar jikin mota a shafin intanet na kamfanin ko na hukumar da ke kula da lafiyar motoci, kuma gyaran kiranye kyauta ne. In motar na cikin garanti, kai ta wurin dillalinta kafin kowa ya taɓa firam ɗin. Ka shirya jin an ce dutse ne, domin garanti ba ya ɗaukar abin da ya faɗo daga waje. Kada ka yi faɗa. Nuna hotunanka, ka nemi su rubuta maka dalilin ƙin, sannan ka kai maganar ofishin kula da abokan ciniki na kamfanin. Wani lokaci sukan raba kuɗin da kai don kyautatawa.

In kuma kayan wata mota ne suka zubo kuma ka samu lambarta, ko aikin gini ne ya sako abu, inshorar wancan ɓangaren ake bi.

MATAKI NA 6: KARANTA TAKARDARKA DA BIRO A HANNU

Abu huɗu kake nema.

Na farko, wace iri ce inshorar. In ta biyan ɓarnar da ka yi wa wasu ce kaɗai, wadda doka ke tilastawa a yawancin ƙasashe, to ba ruwanta da gilashinka. Rufe takardar ka nemi mai gyara. Wadda ke ɗaukar wannan ita ce cikakkiya, mai biyan ɓarnar da ba ta karo ba: sata, gobara, ƙanƙara, faɗowar reshe, fashewar gilashi. In kuwa rufin ya fashe ne a cikin hatsari, ƙarƙashin sashen karo zai shiga, kuma kason aljihun wannan sashen na iya bambanta.

Na biyu, nawa ne kason. Wani lamba ce tsayayya, wani kashi kaza cikin ɗari ne na kuɗin gyara tare da mafi ƙarancin abin da za ka biya. A wasu takardun kaso biyu ne ake haɗawa, na dole da kamfani ya sa da na ganin dama da kai ka ƙara don a rage maka kuɗin shekara. Mutane kan tuna ɗaya su manta ɗayan.

Na uku, kuma a nan ake yawan faɗawa rami: ko akwai sashen gilashi na musamman, kuma me kalmar gilashi ta ƙunsa a wurinsu. Sashen gilashi yakan zo da ƙaramin kaso ko babu kaso sam, amma a takardu da dama gilashin gaba da na ƙofofi da na baya kaɗai ake nufi, an cire na rufi da sunansa. Ko dokar jihar Fulorida ta Amurka da ta hana cire kaso a gyaran gilashi, a kan na gaba ta tsaya.

Na huɗu, wa'adin kai rahoto, da ko dole ne ka je wurin mai gyaran da suka amince da shi.

MATAKI NA 7: ƘIYASI BIYU, SANNAN LISSAFI

Karɓi ƙiyasin kuɗi a rubuce daga wuri biyu, ɗaya dillalin motar, ɗaya mai aikin gilashi. Ka tabbata kowanne ya ƙunshi gilashi, robar gefe, share hanyar zamewa, labule in ya yage, fenti, da ladan aiki.

Lambobin da zan kawo misali ne kawai, ka ɗora su a kan kuɗin da kake amfani da shi. A ce ƙaramin rufi ne, gyara 700, kasonka 500. Kamfani zai ba da 200. In neman diyyar zai sa ka rasa rangwamen da ake yi wa wanda bai nemi diyya ba, a ce 80 a shekara har shekara uku, ka yi asarar 240 don ka karɓi 200. Biya da kanka ya fi. Amma in babban rufi ne, gyara 2,400, kamfani zai ba da 1,900, babu abin tsayawa tunani.

Tambayi wakilinka kai tsaye ko diyyar gilashi tana taɓa rangwamen, domin kamfanoni sun bambanta. Ka fayyace masa cewa tambaya kake yi, ba ka buɗe fayil ba tukuna. Sai dai ka duba, wasu takardun sun wajabta sanar da kamfani duk abin da ya samu motar ko da ba ka neman ko sisi.

MATAKI NA 8: NEMAN DIYYA

Faɗi abin da ya faru yadda ya faru. In ba ka ga dutse ba, ka ce ba ka gani ba. Kada ka ƙirƙiri labari don ya yi daɗin ji, ƙarya a takardar diyya na iya soke inshorar baki ɗaya. Karɓi lambar fayil, rubuta sunan wanda kuka yi magana da ranar, ka tura hotuna da ƙiyasi. Kada a fara aiki sai sun amince a rubuce. Tambaye su ko za su biya gilashin kamfanin motar na asali ko na wasu masana'antu, da ko akwai motar aro. Yawanci kai za ka miƙa wa mai gyara kasonka, su biya shi sauran. In daga baya suka karɓo kuɗinsu daga wanda ya jawo ɓarnar, ka tambayi naka kason, sau da yawa ana mayarwa.

MATAKI NA 9: RANAR KARƁAR MOTA

Gilashin da ke zamewa yawanci sukurori ne ke riƙe da shi, mai haƙuri zai iya sauya shi a gida, ko da na tsohuwar mota irin taka da aka wargaza, in lambar kayan ta dace. Wanda aka manne da gam a jikin rufi kuwa bar wa masu shi, kuma ka bi lokacin da suka ce gam ɗin zai kama kafin ka tuƙa.

Kafin ka bar wurin, buɗe ka rufe sau uku kana saurare. Ƙarar ƙasa-ƙasa kamar ana taka yashi na nufin akwai saura a hanyar. Shafa hannu ka ji ko gilashin ya yi daidai da rufin. A tabbata an sake saita injin rufin, don ya san iyakarsa kuma ya koma baya in ya ci karo da hannu. Sai gwajin da kowa ke tsallakewa: buɗe rufin, zuba ruwa kaɗan a kwarin gefe, ka ga ya fito ta ƙarƙashin mota. Akwai siraran bututu a kusurwoyi da ke sauke ruwa, ɓarɓashi na toshe su, sai bayan wata biyu ka ga silin ya yi taswira. In sun toshe kada a hura iska mai ƙarfi, tana cire bututun daga mazauninsa a cikin jikin mota.

ZAƁEN KASON ALJIHU

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kason da ke kan takarda ranar da gilashi ya fashe shi za a yi aiki da shi. Rage shi washegari ba ya komawa baya, ɓoye ɓarnar har sai an rage kuma zamba ce. Lokacin wannan aiki shi ne ranar sabunta inshora, ko yau in gilashinka lafiya lau yake.

1. Fara da aljihunka, ba da teburin farashin kamfani ba. Nawa za ka iya fitarwa gobe da safe ba tare da rance ba, ba tare da ka taɓa kuɗin haya ko na makaranta ba? Wannan ce iyakar kasonka. Duk rangwamen da aka yi maka a sama da shi tarko ne. Na ga motoci sun yi wata biyu da leda a ka, masu su suna da cikakkiyar inshora, kason ne ya gagare su.

2. Nemi farashi a matakai uku daga kamfani ɗaya, komai iri ɗaya sai kason. A ce kaso 250 kuɗin shekara 1,000, kaso 500 kuɗin shekara 940, kaso 1,000 kuɗin shekara 900.

3. Raba ƙarin kason da ragin shekara. Daga 250 zuwa 500 ka ƙara wa kanka nauyin 250 don ragin 60, wato sai ka yi shekara huɗu da 'yan watanni ba ka nemi diyya ba kafin ka ci riba. Daga 500 zuwa 1,000 ka ƙara 500 don ragin 40 kacal, shekara goma sha biyu da rabi ke nan. Ni ma'aunina, abin da ya mayar da kansa cikin shekara uku zuwa huɗu ina karɓa, abin da ya haura shida ina bari. A wannan misalin 500 zan ɗauka. Za ka lura ragin yana ƙanƙancewa yayin da kason ke hawa, kuma haka abin yake a mafi yawan teburan da na gani.

4. In kamfaninka na bari a raba, kada ka sa kaso ɗaya a sashen karo da sashen ɓarnar da ba ta karo ba. Karo yana da alaƙa da yadda kake tuƙi, kuma kuɗinsa ya fi yawa, don haka ɗaga kasonsa kan kawo ragi mai kauri. Ɗayan sashen kuwa ba ruwansa da gwanintarka, tsakuwa ba ta tambayar shekara nawa ka yi kana tuƙi, kuma sau da yawa rage kasonsa ba ya ƙara kuɗi sosai. Babban kaso a karo, ƙarami a ɗayan: wannan ne tsarin da na fi ba masu rufin gilashi shawara.

5. Kira mai aikin gilashi ka tambayi kuɗin sauya rufin motarka tun yana lafiya. Minti biyar ne. In kuɗin bai kai kasonka ba ko ya ɗara shi da kaɗan, ka san cewa ta fuskar rufi ba ka da inshora, kai ne kamfanin kanka. Ba laifi ba ne in ka zaɓi hakan da saninka kuma ka ware kuɗin gefe.

6. Tambayi ƙarin sashen gilashi, amma kafin ka biya a nuna maka layin da ya ambaci gilashin rufi. Maganar baki ta wakili ba ta biyan diyya. In babu layin, a rubuto maka ta imel. Araha ba ta ado, kuma ƙarin da bai ɗauki gilashi mafi tsada a motarka ba rabin amfani gare shi.

7. Dubi rayuwar motar. Wadda ke kwana a waje ƙarƙashin bishiya, ko take bin hanyar manyan motocin yashi da tsakuwa kullum, ko take yankin da ake ƙanƙara, ƙaramin kaso ya fi dacewa da ita. Wadda ke kwana a gareji, ba ta fita sai ƙarshen mako, za ta iya ɗaukar babba. Tsohuwar mota kuma lissafinta daban: kamfani ba zai biya fiye da darajarta a kasuwa ba, a cire kaso. In motar 3,000 ce kasonka 1,000, iyakar abin da za ka taɓa karɓa 2,000 ne, sai ka auna shi da abin da kake biya duk shekara.

Ka tuna kason na kowace ɓarna ne, ba na shekara ba. Rufi ya fashe a watan Maris, aka fasa maka gilashin ƙofa a watan Yuli, sau biyu za ka biya. In kuma motar ta bashin banki ce ko ta haya mai dogon zango, buɗe yarjejeniyar kafin ka ɗaga komai, domin masu ba da bashi kan wajabta cikakkiyar inshora kuma su ƙayyade iyakar kason da aka yarda ka zaɓa.